Ƙarfen Lakwal da Yaran Shekarar Ruwa

Matso nan kusa da ni, kai mai karatu, ka gyara zama. Ni ban iya ɗaga murya ba, kuma abin da zan faɗa maka ba na ihu ba ne. Karatuna bai wuce na manya ba, wanda aka yi mana rani biyu ƙarƙashin rumfa, don haka in ka ga rubutun ya karkace, ka miƙe shi da kanka. Amma kunne kam Allah ya ba ni. Ina cikin ɗaki nakan san wace mata ce ke daka a unguwa, in san ko hatsi take surfe ko dawa, in ma ta yi faɗa da mai gidanta taɓaryar na gaya mani. Yawo kuwa ba ni da shi. Tasawa sau huɗu na taɓa zuwa, biyu a ciki ma likita aka kai ni. Abin da na sani na duniya, yawancinsa ta bisa danga ya shigo mani.

Labarin jikata zan ba ka, ɗiyar fari ta ɗana, wadda saura ƙiris ubanta ya cire ta daga lakwal, wato makarantar boko, saboda wani ƙarfe. Tun da aka yaye ta take ɗakina. Ka san ɗiyar fari, uwarta ko sunanta ba ta faɗi, balle ta ja ta jiki gaban mutane. Ni ce uwar, ni ce abokiyar faɗa. Tana ce mani tsohuwa mai kunnen jaki, ni ina ce mata mai ƙafar sauro. Ita ke zuwa ta ɗaya a kilas ɗinsu tun shekarar da ta shiga. Wannan ba yabon kaka ba ne, a rubuce yake.

Ƙarfen kuwa na ƙafar babbar mota ne, irin wanda ake sa wa taya, an rataye shi da waya a reshen bedi cikin filin lakwal. Lakwal ɗinmu bisa tudu take, gabas da gari, shi ya sa ƙarar ke kai ko'ina. Darakta, shugaban lakwal ɗin, da kansa yake bugawa, ba ya yarda yaro ya taɓa mashi. Sau uku yake yi, a natse: ya buga, ya bari ƙarar ta mutu, sannan ya sake. Shekara da shekaru da bugun nan nake auna aikina. Na safe in kwashe kunu, na fitar yara shan iska in fara surfe, na tashi in dama hura. Ban taɓa riƙe agogo ba, kuma ban taɓa makara ba.

Ranar da ruwa ya ci mu, cikin bakansi ne, babban hutun lakwal, hatsi ya fara fitar da kai. An yi ruwa tun asuba har azahar, sannan ya ɗauke, har rana ta leƙo. Gidanmu na wancan lokacin yana ƙasa, bakin ƙorama. Ɗana ya tafi duba gona, matarsa tana garinsu wajen Kanan-Bakashe barkar haihuwa tun jiya. Daga ni sai jikata, mai shekara sha ɗaya, sai ƙanenta da ba a daɗe da yaye shi ba.

Ina tsince wake na ji ƙarfe. Na ce, cikin bakansi? Kuma ba uku ba ne. Tan-tan-tan-tan-tan, ba numfashi, kamar mai bugun zai fasa shi. Ƙarƙashin wannan ƙarar kuma na ji wata, mai nauyi, kamar ana zazzage rumbu ɗari lokaci guda. Ashe darakta yana gonarsa ta bayan lakwal ya hango ruwa ya taho daga arewa, ruwan da ba ma a garinmu aka yi shi ba, ya cika ƙorama ya haura. Ya ruga ya kama ƙarfe.

Na ɗauki yaron na aza mata a baya, na fizgi zanen da hannuna ya fara taɓawa na ɗaura, na ce, "Ruga tudu, kar ki waiwaya." Ni gwiwoyina sun daɗe da yin ritaya. Wani maƙwabcinmu, wanda muka shekara ba mu gaisawa saboda akuyarsa ta ci mani rama, shi ya faɗo gidan ya saɓa ni a kafaɗa kamar damin hatsi. Ina ce mashi ya sauke ni, yana ce mani, "Iya, yi shiru, nauyinki ya ishe ni, kar ki ƙara mani da na baki."

Na riga jikata isa tudu, don ita ta bi ta lungu inda ruwan ya fi zurfi. Da ta iso, yaron yana rungume a ƙirjinta, yana tari yana kuka, zanen babu. Na gani da idona, ban tambaya ba. Wa ke tambayar zane ranar da gidaje ke narkewa kamar gishiri? Muna tsaye muna kallo, rumbuna suka kwanta, awaki suka wuce ƙafa sama. Amma ba mu rasa rai ko ɗaya ba, Alhamdu lillahi, kuma kowa ya san albarkacin ƙarfen nan ne. Darakta bai daina bugawa ba sai da hannunsa ya fashe.

A cikin kilas muka zauna har aka fara yankan hatsi, gida uku ko huɗu a ɗaki guda, an jingine teburan yara jikin bango. Duk wanda ya zo jaje sai an nuna mashi jikata. "Ga ta nan, ita ta fito da ƙanenta, ruwa har ƙirji." A shafa mata kai, a ce jaruma. Ni ma na faɗa, na fi kowa faɗa. Ita kuwa sai ta sunkuyar da kai, mu ce kunya ce.

Wata Juma'a dattawa suka yi shawara, aka aiko mana mu mata cewa a daina tada maganar ruwa gaban yara, don su manta. Da kyakkyawar niyya aka yi, ban ce ba. Muka bi. In yaro ya buɗe baki ya ce, ranar nan da ruwa, sai a ce, "Kai, rufe baki, ya wuce." Mai gari ya yanka mana fili bisa tudu, dab da lakwal, muka kafa bukka muka ja danga. Ka ga na zama maƙwabciyar ƙarfe.

Da aka koma lakwal abin ya fito. Jikata za ta tashi da wuri, ta wanke ƙafa, ta ɗauki kayenta na rubutu, har ta tsokane ni a bakin ƙofa. Ba a jima ba sai in gan ta ta dawo tana haki, ta shige bayan randa ta ƙudundune. In tambaye ta, ta ce ba komai. Kuma ba ita kaɗai ba. Akwai yaron da yake tserewa ya hau icce, a yi ta lallashi bai sauko ba. Akwai wata ƴar ƙanƙanuwa da take sakin fitsari a tsaye cikin layi. Wani kuma ya daina magana a kilas ɗungurum, sai dai ya yi ta zana layuka masu lanƙwasa a allonsa. Sun kai su bakwai ko takwas, kuma yawancinsu ƴan bakin ƙorama ne.

Kowa da abin da ya ce. Wasu suka ce taurin kai ne, bakansi ya yi masu tsawo, aka sa bulala. Wasu suka ce iskokin ƙorama ne suka biyo ruwa suka hau tudu. Ni na karɓo mata rubutu ta sha, na yi mata hayaƙi, kuma ban raina ba, ta ɗan samu barci. Amma gudun bai tsaya ba. Ban ɓoye maka, rannan haushi ya kama ni na zabga mata mafici a baya, na ce, "Ke da kika ratsa ruwa, alli ne zai kore ki?"

Madam ɗinsu, malamar kilas, wata Kirista ce ƴar Tasawa, mace mai haƙuri, tana shigowa wurina shan hura in an tashi. Ita ta ce wataƙila ɗakin ne, tunda a ciki muka yi zaman jaje. Ta fitar da su rumfar kara a waje. Bai hana ba. Muka ce ko hadari suke tsoro, to sama ta bushe ƙayau, ko gajimare babu.

Ɗana ya shigo wata rana bayan la'asar ya zauna bakin tabarmata. Shi ba mai faɗa ba ne, tausayi ne ya yi mashi yawa. Ya ce, "Inna, ni fa ina ganin lakwal ɗin nan ce ke sa ta ciwo. Dubi yadda ta rame. Lakwal ba farilla ba ce. In kompozisho ta zo ba ta iya zama ta rubuta ba, shi ke nan, ta dawo gida ta taya ki aiki, ta huta."

Kompozisho ita ce jarrabawar da suke yi ƙarshen wata uku, kuma shekarar ita ce tasu ta ƙarshe kafin kwaleji. Na san ɗana, in ya faɗi magana a hankali haka, to ya gama yanke ta. Jikata tana bayan danga ta ji. Da ya fita ta zo ta durƙusa ta ce, "Kaka, wallahi ina so. Ni ina so, ƙafata ce ba ta so."

Na ce, to me ke gaya wa ƙafar ta gudu?

Allah da ikonsa, cikin satin nan darakta ya tafi taro Mayahi kwana biyu. Tunda ba mai taɓa ƙarfe sai shi, madam ta riƙa tafa hannu tana kiran yara. Ina zaune ina sauraro ta bisa danga. Ranar farko na ji hayaniyar layi, na ji sun shiga, ban ji ƙafar gudu ba. Jikata ba ta dawo ba sai da aka tashi. Rana ta biyu ma haka. Rana ta uku darakta ya dawo, ina riƙe da ludayi ya buga ƙarfe, ludayin ya suɓuce mani cikin kunu. Kafin in tsamo shi, ga ta ta faɗo gida.

Nan na kasa kunne da gaske, na jira bugun shan iska. Ya buga, na ƙirga. Ba uku ba ne. Tan-tan-tan-tan-tan-tan, a jere, wani na hawa kan wani. Bugun ranar ruwa ne, sak, gajarta shi kawai aka yi. Na ji kunya ta rufe ni, ni mai taƙama da kunne. Wata guda gabana na faɗuwa duk sanda aka buga, tuwona na kamawa, ina cewa don mun matso kusa ne ƙarar ta yi mani yawa.

Da aka tashi yara suka watse, na yafa gyale, na ɗauki ƙwarya da ludayi na fita. Matan unguwa har leƙowa suka yi, don ganina a waje labari ne. Na tarar da darakta ƙarƙashin bedi yana duba kayen yara, madam na gefe.

Ya ce, "Iya! Ke ce da ƙafarki? Wa ya rasu?"

Na kira shi yadda ake kiran malaman lakwal maza, na ce, "Ba wanda ya rasu, Mushe. Bugunka na zo nema, na da. Ina ka kai shi?"

Ya yi dariya ya ce, "Wane bugu?"

"Na ƙarfe. Sau nawa kake yi?"

"Uku mana. Tun jikarki ba ta zo duniya ba uku nake yi. Yau kuma koya mani za ki yi?"

Na ce, "Ni wa, in koya wa mai biro a aljihu? Zauna dai ka ji."

Na kifa ƙwarya bisa cinyata na buga da ludayi. Ƙwas. Na jira. Ƙwas. Na jira. Ƙwas. Na ce, "Wannan naka ne na da, da shi na aurar da ɗiya uku ban ƙona tuwo ba." Sannan na buga mashi na yanzu, na jero shi yadda kunnena ya ɗauka. Na ce, "Wannan kuma na ranar ruwa ne, kuma shi kake ba yaran nan safe da rana tun da aka koma."

Fuskarsa ta canza. Ya ce, "Iya, tsufa ne ya fara taɓa maki kunne."

"Gwiwa ya taɓa, bai iso kunne ba tukuna. Tambayi madam."

Madam ta dubi ƙasa, sannan ta ce, "Mushe, ni ban taɓa ƙirgawa ba. Amma da Iya ta buga na biyun nan, gabana ya faɗi."

Ya miƙe zai ɗauki sandar ƙarfen ya nuna mani. Na ce, "A'a, kar ka tashi gari. Ga ƙwarya." Ya karɓa yana ƙunƙuni, ya kifa, ya buga ɗaya. Ya ɗan jira. Ya buga na biyu. Daga nan hannun ya ƙwace mashi, na uku, na huɗu, na biyar, na shida, sai da ya sa ɗaya hannun ya danne shi. Dattijo mai furfura, wanda duk garin ke tsoron muryarsa, ya zauna bisa saiwar bedi yana kallon tafin hannunsa.

Can ya ce, "Ranar nan ina bugawa ina ƙirga gidajen da ban ga sun fito ba. Har yau in na ɗaga hannu, ƙorama nake kallo." Ya share fuska ya ce, "Kuma ni na sa aka yi wa yaran nan bulala."

Na ce, "Ni ma na yi da mafici. Hannun nan naka shi ya fitar da mu, ba wanda zai zage shi a gabana. Hutu kawai yake so."

Washegari ba a buga ƙarfe ba. Madam ta samo usur. Na so in ce maka daga nan komai ya warware, amma ƙarya zan yi. Gudun ya ragu, mai fitsari ta daina, mai hawan icce ya sauko. Jikata kuwa tana shiga kilas ta zauna, amma madam ta ce sai ta riƙe biro ta zuba wa bango ido har a tashi, takarda fara fat. Kompozisho saura sati uku.

Lokacin ɓarar gujiya ne, ɗana ya zube mani buhu biyu a tsakar gida. Na ce wa madam ta riƙa turo mani yaran nan da yamma su taya ni, in soya masu. Ni dai hannu nake so, amma akwai abin da ke raina. Da suka zauna suka kewaye tabarma, kowa shiru sai ƙas-ƙas ɗin ɓawo, na ce, "Ku kun san yadda aka kawo ni tudu ranar ruwa?" Suka ɗaga kai a tsorace, suna duban ƙofa. Na ba su labarin maƙwabcina da akuyarsa, na kwaikwayi muryarsa, na nuna masu yadda ƙafafuna ke lilo a bayansa, kallabina ya tafi da ruwa kaina tal a waje. Mai hawan icce ne ya fara fashewa da dariya, saura suka bi.

Daga dariya sai gardama. Wannan ya ce ruwan ya kai mashi wuya, waccan ta ce, "Ƙarya kake, kai da aka ɗauko a amalanke!" Wanda ba ya magana a kilas ya buɗe baki ya ce jakinsu yana ɗaure a turke, shi aka ce ya kwance, igiyar ta jiƙe ta ƙi kwantuwa, ya bar shi yana kuka. Ya faɗa sau ɗaya, gobe ya sake faɗa, jibi ya sake. Ban hana shi ba. Na ce mashi igiya in ta sha ruwa ko ƙato ba ya kwance ta sai da wuƙa, kuma gaskiya na faɗa.

Magana ta kai kunnen dattawa. Ɗaya daga cikinsu ya tsaya bayan danga ya yi sallama ya ce, "Iya, ba an ce a bar zancen nan ba?"

Na ce, "An ce, Malam, kuma na bi har wata uku. Mu mun yi shiru, su ba su manta ba. Shigo ka ɓare gujiya ka ji da kunnenka."

Bai shigo ba, amma bai sake dawowa ba.

Jikata ta fi kowa ɓara, ta fi kowa shiru. Kwana da kwanaki ba ta sa baki. Wata rana da yara suka watse, rana ta yi sanyi, ƙanenta ya ɓingire da barci bisa tabarma. Na ce ta goya shi ta kai wa uwarsa. Na ɗauko zane, ta ja da baya. Na ce, "Ke, juyo mana." Ta ƙi. A nan na tuna, tun ranar ruwa ban sake ganin yaron nan a bayanta ba, ita da da ba ta sauke shi.

Ta ce, "Kaka, ya faɗi."

Na ce, "Wa?"

"Shi. A lungu. Zanen ya kwance, na ji bayana ba nauyi. Na juya ban gan shi ba, ruwan ja ne, ba a ganin komai. Na yi ta lalube, ƙarfe na ta bugawa, na yi ta lalube. Sai na kama ƙafarsa, na jawo shi kai ƙasa." Ta ƙara da cewa, "Kowa na ce mani jaruma. Ni ko yar da shi na yi. In Baba ya ji..."

Wata huɗu yarinyar nan na ɗauke da wannan ita kaɗai, mu kuma muna ƙara mata da yabo. Na ji kamar in kurma ihu, amma na daure. Na ce, "Zauna. Wa ya ɗaura maki goyon?"

"Ke."

"Da wane zane?"

"Sabon nan, mai ganye-ganye."

"An taɓa wanke shi?"

"A'a."

"Na sa majanyi?"

Ta ce, "Ba ki sa ba."

Na ce, "To ji nan. Goyo tara na yi a duniya, ban da na jikoki. Ko yarinyar da ta fara goyon ƴar tsana ta san ba a ɗaura yaro da sabon zane mai santsi, balle ba majanyi, balle a shiga ruwa. Tsoro ya sa na yi. Ɗaurin nawa ne, ni ya kwance wa. Naki aikin a ranar guda ɗaya ne, kamun ƙafar nan, cikin ruwan da ba a ganin komai. Shi ne naki."

Ta daɗe tana kallona. Sannan ta faɗa jikina ta yi kukan da ban taɓa jin ta yi ba, irin mai fitowa daga ciki. Na bar ta ta yi ya ishe ta. Da ta gama tana jan hanci, ta ɗago ta ce, "Ashe dai tsohuwar nan ba ta iya goyo ba." Na ce, "Ƴar nema, tashi mani daga cinya." Gorin nan har yau ina shan shi, kuma na yarda in sha.

Na tambaye ta ko in gaya wa ubanta, ta ce in gaya mashi amma tana wurin. Na faɗa mashi duka, har da zanen. Ya jawo yaron ya kama ƙafarsa ya yi ta juya ta a hannu, sannan ya dubi ɗiyarsa, abin da ba ya yi gaban mutane, ya ce, "Wace ƙafar ce?" Ta ce, "Ta hagu." Ya ce, "Allah ya yi maki albarka." Ya tashi ya fita da sauri.

Ta zauna kompozisho, ta rubuta. Ta tara ta zo. Ta dawo gida tana cika tana batsewa, wai an wuce ta, ni kuwa na rangaɗa guɗar da sai da maƙwabta suka zo tambayar wa ya haihu. Ubanta bai sake tada maganar cire ta ba. Ranar kasuwa ya dawo da sabon kaye ya ajiye mani, ya ce in ba ta.

Ba duka suka tsira ba. Mai jakin nan ya dawo da magana, amma bai ƙarasa shekarar ba, iyayensa suka tura shi wurin kawunsa. Madam ta ce wani ma'aikacin likita a Mayahi ya gaya mata abin yana da suna a Faransanci, ciwo ne sananne, yana kama manya da yara bayan babban tsoro. Ta faɗa mani sunan sau uku, harshena ya ƙi ɗauka. Darakta kuwa sai da rani ya yi nisa ya mayar da ƙarfe, kuma ya karya dokarsa, ya ce yara su riƙa bugawa bi da bi, uku, a natse. Jikata ba ta taɓa karɓar sandar ba har ta gama, ba kuma wanda ya tilasta mata. Har yanzu in hadari ya haɗu daga arewa takan kasa cin abinci.

Yanzu tana kwaleji a Tasawa, gidan gwaggonta. Da ta zo bakansin bana, muna tsince wake, take ba ni labarin wata ƴar kilas ɗinsu da iska ta yaye wa rufin ɗaki suna ciki. Wai duk sanda aka buga ƙofar kwano sai ta shige ƙarƙashin tebur, yara na dariya, har wani mushe ya ce za a kira iyayenta. Na ce, "Ke me kika yi?" Ta ce, "Na bi ta ƙarƙashin teburin na zauna. Da ta natsu na ce mata, me kika ji?" Ta faɗa tana tsince wakenta, ko ɗaga kai ba ta yi ba, kamar ba wani abu ta yi ba. Ni kuwa na ce hayaƙi ne ya shiga mani ido, alhali ko wuta ba a hura ba.

To kai mai karatu, yaron nan na gidanku ko na unguwarku da kowa ya gama cewa taurin kai gare shi, akwai wanda ya taɓa zama kusa da shi ya tambaye shi me yake ji?